Haƙƙin sabon ma'aikaci a kan wanda ya ɗauke shi aiki



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya bayinsa suna buƙatar junansu domin rayuwa ta daidaita. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, musamman idan kana cikin waɗanda Allah Ya hore wa shago, ko gareji, ko makaranta, ko ofis, har kake ɗaukar wani aiki: ka lura da cewa mafi yawan wa'azin da ake yi game da aiki, ma'aikaci ake fuskanta da shi. A ce masa ya riƙe amana, kada ya yi ha'inci, kada ya makara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai gefen da aka bari cikin duhu, wato haƙƙin sabon ma'aikaci tun daga ranar da aka ce masa ya zo gobe har zuwa ranar da hannunsa ya zauna a kan aikin. Abin da nake gani, kuma zan kafa maka hujja a kansa, shi ne da yawa daga kurakuran da sabon ma'aikaci yake yi a watanninsa na farko alhakinsu yana wuyan wanda ya ɗauke shi ba tare da bincike ba, ya tarbe shi ba tare da bayani ba, sannan ya sakar masa aiki ba tare da koyarwa ba.

Fasali na farko: zaɓen wanda za a ɗauka

Ka koma Suratul Ƙasas, daga aya ta 26 zuwa ta 28, inda aka ba da labarin yadda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin kiwo. Ɗiyar dattijon ce ta ba da shawarar a ɗauke shi, kuma ta kafa shawarar a kan siffofi biyu da ta gani da idonta: ƙarfin yin aikin, da amana. Ba ta ambaci danginsa ba, domin baƙo ne da ba shi da kowa a garin. Malamai sun ɗauki waɗannan siffofi biyu a matsayin ma'aunin ɗaukar aiki, babba ne ko ƙarami.

Sunna ta bi wannan hanya. A lokacin hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da Sayyidina Abubakar, sun yi hayar ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanyoyin sahara kuma sun amince da shi. A ɗaya gefen kuma, Abu Zarri, sahabin da gaskiyarsa ta shahara, ya nemi a ba shi shugabanci, aka sanar da shi cikin ƙauna cewa yana da rauni a wannan fage, kuma abin amana ne mai nauyi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Da aka zo batun kiran salla, Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ga lafuzzan a mafarki, amma aka umarce shi ya koyar da Bilalu, domin muryar Bilalu ta fi tashi. Kowa aka ajiye shi inda ya dace da shi.

To, ka auna wannan da abin da ake yi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Gurbi ya buɗe, sai waya ta fara ƙara: ɗan wane ne, ƙanen wance ne, Alhaji ne ya turo shi. Ba a tambaye shi abin da ya iya ba, ba a gwada shi ba. Mutane suna ɗaukar wannan alfarma ce aka yi wa yaron, alhali sau da yawa cutarwa ce. Wanda lissafi yake ba shi wahala, aka zaunar da shi a gaban akwatin kuɗi na wurin tura kuɗi, an jefa shi rijiya ne da sunan taimako. Kullum da maraice ƙirjinsa yana bugawa kafin a haɗa lissafi, kuma ranar da aka samu giɓi, sunan ɓarawo ne zai bi shi gida.

Za ka ce mini: ashe sada zumunci ba wajibi ba ne? Wajibi ne. Idan ɗan'uwanka ya cancanta, ɗaukarsa lada biyu ce. Idan bai cancanta ba, zumunci yana da ƙofofi da yawa: ka biya masa kuɗin koyon sana'a, ka ba shi jari daidai ƙarfinsa, ko ka ɗauke shi a matsayin ɗan koyo, kowa ya san ɗan koyo ne, har ya ƙware. Amma danƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba, hadisin da Bukhari ya ruwaito ya lissafa shi cikin tozarta amana da alamomin tashin kiyama.

Fasali na biyu: bayyana sharaɗi tun kafin a fara

A labarin Madyana akwai darasi na biyu. Dattijon ya faɗi wa'adin aikin a fili, shekara 8, ƙarin 2 kuma ya bar shi a matsayin zaɓin Annabi Musa, sannan ya tabbatar masa cewa ba ya nufin tsananta masa. An san aikin, an san iyakarsa, an san sakamakonsa, tun kafin a kora garke.

Wannan shi ne abin da malamanmu na Malikiyya suke kira ijara. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san halaccin ijara an rataya shi ne ga yanke wa'adi da ambaton lada. Idan akwai al'ada sananniya da ta tsayar da ladan irin wannan aiki, tana iya tsayawa a matsayin magana. Idan kuwa babu magana kuma babu al'ada, ƙullin ya ɓaci, kuma ma'aikacin da ya riga ya yi aiki ana ba shi ladan da ake ba irinsa.

Amma wace magana aka fi ji a wurinmu? Ka fara tukuna, ba za mu ɓata ba. Ko kuma: ai kai ɗan gida ne. Yaro yana jin nauyin ya tambayi albashinsa, domin al'adarmu ta ɗauki tambayar rashin kunya. Sai wata ya ƙare yana lissafin jika 30 a zuciyarsa, a miƙa masa jika 10, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, zuciyarsa kuwa tana ƙuna. Kunyarsa ba ta halatta maka abin da ka rage ba. Kai ne babba, kai ne ya wajaba ka buɗe bakin maganar.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Kundin dokar ƙwadago ta Nijar na shekarar 2012 ya tsayar da sa'o'i 40 a mako a matsayin ƙa'idar lokacin aiki, akwai mafi ƙarancin albashi da hukuma ta yanke, akwai kuma wajabcin yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS, wanda shi ne madogararsa idan ya ji rauni a bakin aiki ko tsufa ya zo. Bin irin wannan tsari na hukuma, wanda yake kare mai rauni kuma bai saɓa wa shari'a ba, yana cikin cika alƙawari. Haka nan waɗanda suke ɗaukar matasa masu takardar makaranta da sunan gwaji, wata uku ya koma shida, shida ya koma shekara, suna cin gumin su ba albashi ba takarda, su ji tsoron hadisin ƙudusi da ke cikin Bukhari, wanda ya ambaci mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar kiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba.

Fasali na uku: tarba a ranar farko

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sabon ma'aikaci baƙo ne, kuma mu mutane ne da muke alfahari da karrama baƙo. Abin mamaki, baƙon da ya zo kwana uku ana shimfiɗa masa tabarma a kawo masa fura, amma baƙon da ya zo zama na shekaru a wurin aikinmu sai a bar shi tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya gabatar da shi ga abokan aiki. Bai san wa zai tambaya ba, bai san umarnin wa zai bi ba idan mutum biyu suka ba shi umarni masu karo da juna, bai san inda ake alwala ba, bai san ko an yarda ya ajiye aiki idan an kira azahar ba. Na sha jin matasa suna tambayar hukuncin haɗa azahar da la'asar har da magariba saboda aiki, idan ka bincika sai ka tarar ba hana su aka yi ba. Ba a dai gaya musu lokacin da za su tafi ba, su kuma tsoro ya hana su tambaya. Shirun maigida ya jawo wa yaro tozarta salla.

Dubi yadda aka tura Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman gab da hajjin bankwana. Mu'azu malami ne a cikin sahabbai, amma duk da haka ba a ce masa ya je ya gani da idonsa ba. An sanar da shi irin mutanen da zai tarar, cewa ma'abota littafi ne. An jera masa aikin daki-daki: ya fara da kira zuwa ga shahada, idan sun amsa sai salloli biyar, idan sun amsa sai zakka. An nuna masa ramukan da ke kan hanya, wato kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyar mutane wajen karɓar zakka, kuma ya kiyayi addu'ar wanda aka zalunta. Idan masani kamar Mu'azu ya buƙaci wannan bayani kafin ya kama aiki, ina ga yaron da jiya ya baro ƙauye, ko yarinyar da aka kawo aikin gida ba ta taɓa kunna murhun gas ba?

Fasali na huɗu: koyarwa

Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani yaro yana feɗe akuya bai iya ba. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma wuce ya bar shi ba. Ya sa shi ya matsa, ya cusa hannunsa mai albarka tsakanin fata da nama har ya nutse zuwa hammata, domin yaron ya ga yadda ake yi. Haka kuma ya koyar da Abu Mahzura kiran salla kalma bayan kalma kafin ya zama ladanin Makka. Anas ɗan Malik kuwa ya shiga hidimarsa yana ɗan shekara 10, ya yi shekara 10 yana yi, kuma ya shaida cewa ba a taɓa yi masa tsaki ba, ba a taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Wannan yaro shi ne ya zama ɗaya daga cikin sahabban da suka fi kowa ruwaito hadisi.

Tsarin a bayyane yake: a nuna, a bar shi ya yi a gaban ido, a gyara cikin natsuwa, sannan a sakar masa. Mu kuwa sai mu tsallake ukun farko mu faɗa na huɗu. Makanike ya miƙa wa yaro sifana ya tafi shan shayi. Mai shagon magani ya bar sabon yaro shi kaɗai a ranarsa ta uku, mai ciwo ya zo da takardar likita, yaron ya karanta da hasashe. Malamin kwantaragi a tura shi ƙauye a gaban yara masu yawa, ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsa ya ga yadda yake koyarwa. Masallatai da makarantun islamiyya ma ba su kuɓuta ba: a naɗa na'ibi ko a ba matashi ajin ƙananan yara saboda ya yi sauka, alhali sanin karatu daban, sanin karantarwa daban.

Tun muna yara aka karantar da mu a Ahlari cewa bai halatta ga baligi ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci hukuncin ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar musulmi. To wanda ka ajiye a kan mudu da sikeli, ko a kan famfon mai, ba ka koya masa yadda ake cika awo ba, tauyewar da ya yi cikin rashin sani da dukiyarka ta cakuɗa, kuma kai ne za ka ciyar da iyalinka da ita.

Fasali na biyar: abin da wannan yake haifarwa a zuciyarsa

Ka san abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari? Ba asarar kaya ba ce, ɓacin hali ne. Yaron da aka yi wa tsawa a tambayarsa ta farko a gaban masu saye ba zai sake tambaya ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa an toshe masa wannan hanya. Daga nan sai ya koma hasashe. Hasashe ya haifar da kuskure, tsoro ya sa ya ɓoye kuskuren, ɓoyewa ta buƙaci ƙarya. Kafin wata uku, wanda ya shigo da gaskiyarsa ya koyi cewa a wannan wuri ƙarya ce take tsirar da mutum. Sai maigida ya zauna a majalisa yana cewa yaran zamani ba su da amana, alhali a shagonsa aka yaye wannan daga gaskiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani kuma ba ya yin ƙarya, sai dai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne, ba zai taɓa iya komai ba. Ya bar aikin cikin kunya, ya koma zaman fada da shan shayi, ko ya kama hanyar ci-rani ba shiri, mahaifiyarsa tana kuka. Kai a wurinka yaro ne ya tafi, wani zai zo. Shi a wurinsa ƙofar farko ce ta rayuwa aka rufe masa a fuska.

Fasali na shida: wa zai biya ɓarna?

A nan ne zalunci ya fi yawa, kuma a nan ne hukunci ya fi fitowa fili. A mazhabarmu, ma'aikacin da aka ɗauka yana aiki a ƙarƙashin maigida amintacce ne, ba a ɗora masa lamunin abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya yi ta'adi ko sakaci. Mai sana'ar da ya kafa kansa ga jama'a, kamar tela ko marini ko maƙeri, shi ne yake lamunce kayan mutanen da ya karɓa, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya ambaci ɗan aikin mai sana'a cikin waɗanda ba su da lamuni. Ma'ana, idan yaron tela ya ɓata shaddar mutane ba da ganganci ko sakaci ba, telan ne zai fuskanci mai shadda. Sakaci kuwa ba ya tabbata sai ga wanda ya san daidai ya bari. Wanda ba a nuna masa ba, ta yaya za a ce ya yi sakaci? Saboda haka yanke albashin sabon yaro a kan kuskuren da ba ka taɓa gargaɗinsa a kai ba cin dukiya ne ba bisa haƙƙi ba, komai ƙanƙantar abin da ka yanke. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma wajabta taimaka masa idan an ɗora. Aikin da mutum bai sani ba yana cikin abin da ya fi ƙarfinsa.

Uzurori uku da amsarsu

Wani zai ce haka shi ma ya koya, da zagi da duka, ga shi ya zama mutum. Ka gode wa Allah da Ya tsirar da kai, sannan ka ƙirga abokan koyonku nawa suka gudu ba su kai ba. Wuyar da ka sha ba gado ba ce da ya wajaba ka raba wa na baya.

Wani zai ce ba shi da lokaci. Mako ɗaya na koyarwa da shekara ɗaya ta gyaran ɓarna da sauya yara, wanne ya fi cin lokaci? Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kai ba ka samu sarari ba, ka wakilta tsohon hannu mai haƙuri, ka gaya masa a fili cewa wannan yaro amanarsa ne, ka kuma saka masa a kan haka.

Wani kuma zai ce idan ya koya masa sirrin sana'a, gobe zai buɗe nasa a gefensa. Arziki ba a hannun maƙwabcin shago yake ba. Kuma wannan tsoro baƙo ne a cikinmu. Alhazan Maraɗi sun shahara da tsarin ubangida da yaronsa: a riƙe yaro, a nuna masa hanyar fatauci, a aike shi da kaya kaɗan sannan da yawa, idan ya kawo ƙarfi a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, ya ci gaba da kiran mai riƙonsa ubangida har abada. Haka dukawa da majema na Damagaram suka gadar da sana'arsu hannu da hannu. Darajar mutum a kasuwa ana auna ta da yawan waɗanda ya yaye. Ilimi mai amfani kuwa yana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma ina fatan sana'ar halal da ka koyar, wani ya ciyar da iyalinsa da ita, ta shiga ciki.

Kai kuma sabon ma'aikaci

Kada ka ɗauki wannan rubutu sanda ka je ka doki ubangidanka da shi. Naka wajibin yana nan. Kada ka yi da'awar iya abin da ba ka iya ba domin a ɗauke ka, wannan algus ne. Ka tambayi sharaɗin aikinka cikin ladabi tun ranar farko. Idan ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, ko da za a yi maka dariya, domin kunyar sa'a ɗaya ta fi sauƙi a kan ɓarnar dukiyar mutane. Idan ka yi kuskure ka riga kowa faɗa. Ka kuma yi haƙuri da gyara, domin ba duk faɗa ba ne zalunci.

Ya kai mai ɗaukar aiki, kafin wanda za ka ɗauka nan gaba ya iso, ka zauna ka amsa wa kanka tambayoyi huɗu: me ya sa shi na zaɓa, me na gaya masa game da aikinsa da ladansa da lokacin sallarsa, wa zai tsaya a kansa a makonninsa na farko, kuma wane kuskure ne na riga na gargaɗe shi a kai. Duk wadda ba ka da amsarta, ka nemo ta tun yau, domin kowane makiyayi abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙarƙashinmu, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.